Yadda Ake Shirya Bikin Fasaha a Jami'a Kan Farfagandar Yaƙi da Tace Labarai

A watan Janairun 1939 ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, ƙarƙashin kulawar Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma yana editanta. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka ga wajibi ne a kafa ta shi ne ji-ta-ji-tar da ta game gari a lokacin, cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitila. A watan Satumba na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Turai, gwamnatin Birtaniya ta kafa Ma'aikatar Yaɗa Labarai, ta zaunar da ita a Senate House, babban ginin Jami'ar Landan, inda ta ci gaba da aiki har aka rushe ta a 1946. A wannan gini ake duba abin da jaridu za su buga, ake tsara fastoci da fina-finai, waɗansunsu kuma har suka iso ƙofar fadar sarakunanmu a bayan motar majigi. Saboda haka jami'ar da take Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, idan ta yi niyyar shirya bikin fasaha a kan farfagandar yaƙi da yadda gwamnatoci ke riƙe linzamin labari, ba aron tarihin wasu za ta yi ba, domin kakanninmu suna cikin waɗanda aka tsara wa wannan farfaganda tun daga tushe.

Kafin a taɓa kuɗi ko a nemi zaure, kwamitin shirye-shirye ya zauna ya amsa tambaya guda: me ake so baƙo ya fita da shi? Amsar da nake ba da shawara a tsaya a kanta ita ce, ya fita yana iya gane yadda ake sarrafa tunaninsa shi kansa, ba wai ya fita yana mamakin yadda aka yaudari mutanen da ba. Wannan bambanci shi ne zai yi wa kowane mataki jagora. Bikin da ya jera tsofaffin fastoci a bango ya bar ɗalibai suna ɗaukar hoto a gabansu ya yi ado, amma bai koyar da komai ba, mai yiwuwa ma ya ƙara wa farfagandar kwarjini. Daga nan sai a taƙaita fage. Kwana uku ko huɗu ba za su ɗauki tarihin duniya ba, don haka zamani uku sun isa: Yaƙin Duniya na Biyu kamar yadda ya iske ƙasar Hausa, Yaƙin Basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, sai kuma rikice-rikicen da muke ciki yanzu.

Kwamitin ya ƙunshi malamai daga sashen tarihi, da aikin jarida, da wasan kwaikwayo, da zane-zane, da harsunan Nijeriya, da shari'a, tare da ma'aikacin ɗakin karatu guda wanda ya san inda tsofaffin jaridu suke. A sa ɗalibai a ciki da cikakkiyar murya, a kuma tabbatar cewa ba 'yan yanki ɗaya ko addini ɗaya ba ne, saboda dalilin da zai bayyana idan mun zo kan yaƙin basasa. Takardar neman izini ta tafi ofishin shugaban jami'a ta hannun shugaban tsangaya aƙalla wata shida kafin ranar, a haɗa da jerin abin da za a nuna filla-filla, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma hukumar da ta ga komai tun farko ba ta cika firgita ta soke taro ana saura kwana biyu ba. A zaɓi tsakiyar zangon karatu, nesa da jarrabawa, a kuma kauce wa damina idan za a yi majigi a fili.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tattara kaya, kuma shi ne ƙashin bayan bikin. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, inda ake samun wasiƙun Razdan da Di'o a kan ɗaukar soja, da tara gudummawar yaƙi, da sa ido kan ji-ta-ji-ta a kasuwanni. Gidan Arewa na Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Mambayya a Kano, da hukumomin tarihi da al'adu na Kano da Sakkwato, duk wurare ne da ya kamata a aika ɗalibai da takardar gabatarwa daga sashe. A nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekarun 1939 zuwa 1945, da 'Yar Gaskiya wadda aka riƙa bugawa da ajami domin waɗanda ba su iya boko ba, da Suda, takardar labaran yaƙi da aka riƙa rabawa kyauta. Duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan tsofaffin kundaye ya san yadda takardar take: ta yi ja kamar ƙasa, gefenta yana marmashewa a yatsa, ƙura tana tashi da zarar an juya shafi. Don haka kada a yi mafarkin ɗauko asalinta a kai zauren biki. A nemi izinin ɗaukar hoto, a shimfiɗa shafin a kan tebur kusa da taga, a kashe fitilar kyamara, a ɗauka daga sama daidai, sannan nan take a rubuta lambar fayil da kwanan watan fitowar a littafi. Ɗalibin da ya ce zai tuna daga baya ba zai tuna ba, kuma hoton da ba a san ranarsa da asalinsa ba bai cancanci hawa bango a biki irin wannan ba. Fina-finan zamanin kuwa, da yawansu suna hannun Gidan Tarihin Yaƙi na Landan da Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, wasu an ɗora su a intanet, sai dai kallon su a ɗaki daban, haska su ga taro daban, don haka a rubuta a nemi izini tun da wuri.

Da kaya sun taru, ga ƙa'idar da nake ganin bai kamata a karya ta ba ko sau ɗaya: kada a rataye wani abin farfaganda shi kaɗai. Kowane fasta, kowane shafin jarida, kowane guntun fim, a ajiye masa abokin tsayuwa wanda zai nuna abin da ya yi shiru a kai. Idan aka rataye shafin da ke yabon gudummawar da talakawan Arewa suka bayar domin yaƙi, da kiran manoma su ƙara noman gyaɗa, to a gefensa a sa bayanin aikin tilas da aka yi a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya wadda Birtaniya ke samun kuza daga gare ta, lokacin da aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ta hannun En'e ana kai su tsaunuka masu sanyi, ba isasshen abinci ba sutura, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Idan aka sa hoton sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama suna murmushi cikin kaki, a gefensa a sa muryar ɗa ko jikan ɗan mazan jiya yana faɗin abin da tsohon ya tarar da ya dawo gida. Allon bayani ya amsa tambayoyi huɗu a taƙaice: wa ya yi wannan abu, wa ya biya kuɗinsa, wa aka nufa da shi, me aka bari ba a faɗa ba. A rubuta da Hausa da Turanci, Hausar kuma ta zama wadda aka tsara da kanta, a gwada karanta ta ga masinja ko mai shara na sashe, idan bai gane ba a sake. Ƙara ajami a manyan allunan zai jawo dattawan gari, kuma ya dace da tarihin abin da ake nunawa.

Yana da kyau a nuna wa baƙi cewa farfaganda ma tana faɗuwa. Misalin da ya fi sauƙi shi ne jan fastan nan mai hoton kambun sarauta da ke kiran mutanen Ingila su kwantar da hankali su ci gaba da harkokinsu, wanda yau ake gani a riguna da kofuna. An buga fiye da miliyan 2 a 1939, amma kusan ba a manna shi ko'ina ba, aka narkar da mafi yawansa domin ƙarancin takarda, sai a shekarar 2000 wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya tsinci kwafi guda, daga nan ya shahara. A Jamus kuwa, ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, ministan Hitila, da aka kafa a 1933 ta sa an ƙera rediyo mai araha domin muryar gwamnati ta shiga kowane gida, sannan da yaƙi ya fara a 1939 aka mai da sauraron tashoshin waje laifi. Gwamnatin da ta amince da ƙarfin maganarta ba ta buƙatar ɗaure mai sauraron wani, wannan kuwa ɗalibai za su gano shi da kansu idan aka ajiye hoton rediyon da bayanin dokar kusa da juna.

Daren majigi shi ne zai fi cika, don haka a ba shi kulawa ta musamman. A 1939 aka kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da Birtaniya ke mulka, ƙarƙashin Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya, aka ba William Sellers shugabancinsa, mutumin da ya yi aikin kiwon lafiya a Legas yana amfani da fim wajen wayar da kai. Motar majigi takan isa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i a tayar da inji, tafinta ya riƙe lasifika yana bayyana wa jama'a abin da suke gani. A maimaita wannan tsari yadda yake: fili a buɗe, tabarmi, farin ƙyalle, injin wuta a ajiye nesa domin ƙararsa kada ta danne murya. Sai dai a yi dabara guda. A zaɓi guntun fim na minti biyar, a kashe sautinsa, a haska shi sau biyu. A karon farko ɗalibi ya yi tafinta da muryar hukuma, yana kambama ƙarfin Ingila da alherin Sarkinta. A karo na biyu wani ɗalibin ya yi wa hotunan nan dai bayani da muryar manomin da aka ɗauke wa ɗa. Na taɓa zama a irin wannan gwaji a wani ƙaramin aji, kuma abin da ban manta ba shi ne shirun da ya biyo bayan haskawa ta biyu: jirgin ruwan da ke cikin fim ɗin, wanda ɗazu ake kallo a matsayin abin alfahari, ya koma jirgin da ke tafiya da 'ya'yan mutane inda ba a san dawowarsu ba, alhali ko hoto ɗaya bai canja ba. Bayan haka a ba jama'a lasifika su faɗi abin da suka ji a ransu, kada malami ya riga su da lacca.

Ɓangaren tace labarai ya fi wuyar nunawa, domin abin da aka hana fita ba shi da hoto. Hanyar da ta fi aiki ita ce a sa baƙo a kujerar mai tacewa. A kafa tebur da fitila da jan biro da hatimi, a ba duk wanda ya zauna rahoto mai sakin layi huɗu ko biyar wanda aka rubuta a sama ɓaro-ɓaro cewa ƙagagge ne domin gwaji, tare da takardar umarni daga ma'aikata, a ce masa yana da minti uku ya soke abin da bai kamata ya fita ba. A cikin rahoton a cakuɗa abubuwa iri biyu. Akwai wanda kowane mai hankali zai yarda a ɓoye, kamar ranar da ayarin soja zai tashi da hanyar da zai bi, akwai kuma wanda ɓoye shi ba ya kare kowa sai jami'in da ya yi sakaci, kamar adadin waɗanda suka mutu domin an ƙi gyara wata gada. Mafi yawan mutane, da zarar biro ya shiga hannunsu ga agogo yana tafiya, sukan soke fiye da abin da aka umarce su, saboda tsoron kada laifi ya dawo kansu. Idan sun tashi a manna takardunsu a bango, zuwa rana ta uku bangon zai zama abin kallo da kansa. A kusa da teburin a sa misalai na gaskiya na iri biyun. Birtaniya ta hana buga hasashen yanayi a lokacin yaƙi domin kada jiragen Jamus su amfana, wannan dalili ne da ake iya karewa. Amma a watan Maris na 1943 mutum 173 suka mutu a turmutsitsi a matattakalar wata mafakar ƙarƙashin ƙasa a unguwar Bethnal Green ta Landan, aka riƙe rahoton binciken har 1945. Ba na son a fita daga bikin da ra'ayin cewa duk sirrin gwamnati zalunci ne, domin ba haka ba ne, abin da ake so shi ne baƙo ya koyi tambayar wa ɓoyewar take karewa.

Zauren yaƙin basasa shi ne inda bikin zai nuna ko da gaske yake. An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, aka fara faɗa ranar 6 ga Yuli, aka gama ranar 15 ga Janairun 1970, kuma a tsawon wannan lokaci an yi yaƙin baki kamar yadda aka yi na bindiga. Gwamnatin Tarayya da farko ta kira abin matakin 'yan sanda na ɗan lokaci, ta yi ta nanata taken cewa riƙe Nijeriya ƙasa ɗaya aiki ne da ya zama dole, Anthony Enahoro yana riƙe da ma'aikatar yaɗa labarai, gidan rediyon Kaduna kuma yana isar da saƙo da Hausa haɗe da waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja. Biyafara tana da nata rediyo wanda muryar Okokon Ndem ta shahara a cikinsa, ta kuma ɗauki hayar kamfanin Markpress a birnin Janeba na ƙasar Siwizalan yana raba labarai da hotuna ga jaridun Turai da Amurka. Ramin ƙarƙashin ƙasa da rediyon ya yi aiki a cikinsa yana nan a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia, kuma zai yi kyau kwamiti ya aika mutum biyu su gani da idonsu.

Jarrabawar da ke gaban jami'ar Arewa ita ce kada ta nuna ƙarin gishirin wancan ɓangare kawai ta kau da kai daga namu. Hotunan yaran Biyafara masu kwashiyoko da suka cika jaridun duniya a 1968 an yi amfani da su a matsayin makami, haka ne, amma yunwar gaskiya ce, yaran kuma sun mutu. Kisan da aka yi wa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a Janairun 1966 gaskiya ne, kisan da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara shi ma gaskiya ne, haka nan kisan fararen hula a Asaba a watan Oktoban 1967 wanda aka daɗe ba a maganarsa. Kowane ɓangare ya ɗauki gaskiyar da ta yi masa daɗi ya ɗaga sama, ya binne wadda ta yi masa ɗaci, kuma wannan shi ne darasi mafi girma da zauren zai koyar, cewa farfaganda mafi tasiri ba da ƙarya zalla ake gina ta ba. A tsara zauren da bango biyu suna fuskantar juna, kowane mataki yana wakiltar wata ɗaya cikin watannin yaƙin, abin da Legas da Kaduna suka faɗa a dama, abin da hedikwatar Biyafara, Enugu ko Umuahia, ta faɗa a hagu, a tsakiya kuma tebur mai ɗauke da abin da masana tarihi suka tabbatar daga baya. Kafin a buɗe, a gayyaci ƙungiyoyin ɗalibai 'yan Kudu maso Gabas da dattawan Sabon Gari, da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin ko iyalansu, su zagaya su faɗi inda suka ga an karkata. Ba dole a karɓi kowane gyara ba, amma dole a saurara. A kuma kafa sanarwa a ƙofa cewa akwai hotuna masu tayar da hankali, a hana shigar da ƙananan yara wannan zaure.

Game da kalaman ƙiyayya kuwa, a yi hattara ƙwarai. Rediyon RTLM na Ruwanda da jaridar Kangura sun taka rawa a kisan ƙare dangi na 1994, har kotun duniya da ta zauna a Arusha ta hukunta jagororinsu a 2003, kuma labarinsu ya cancanci allo guda. Amma kada a saki irin wannan murya ta lasifika a fili, namu na gida ma haka. A ajiye ta a na'urar saurare ta kunne, da fassara da bayani a gaban mai sauraro, a kuma hana ɗauka da waya, domin guntun sauti na daƙiƙa talatin da aka yanke daga muhallinsa aka watsa a WhatsApp yana iya tayar da fitinar da bikin ya zo yaƙa. Haka bidiyon ƙungiyoyin ta'adda: a yi bayanin dabarunsu, kada a haska su.

Zamanin da muke ciki shi ne zai fi sa hukumar jami'a ɗar-ɗar, kuma maganinsa shi ne a tsaya a kan abin da yake rubuce a bainar jama'a. A ja dogon layin shekaru a bango. Dokar sirrin gwamnati ta 1962. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, aka soke ta a 1985. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Sanarwar da rundunar tsaro ta yi a watan Afrilun 2014 cewa an kuɓutar da mafi yawan 'yan matan Chibok, wadda ta janye daga baya, da sanarwar mutuwar Abubakar Shekau da aka yi fiye da sau ɗaya kafin mutuwarsa a 2021. Samamen da sojoji suka kai ofisoshin Daily Trust a Janairun 2019 saboda wani rahoto a kan shirin kai farmaki. Dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, wanda ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar kuma, dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, da BBC a Disamban 2024. A ƙarƙashin kowanne a rubuta dalilin da hukuma ta bayar, da kalmominta, sannan abin da masu suka suka ce. Katse layin waya ya fi dacewa da muhawara, domin a cikin ɗalibai akwai waɗanda suka rayu a ciki: wani zai ce an samu sauƙin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wata za ta ce ta yi makonni ba ta san ko mahaifiyarta tana raye ba, ɗan kasuwa zai faɗi yadda yake tafiya wata jiha domin ya tura kuɗi. A gayyaci kakakin soja ko na 'yan sanda, da edita, da lauya mai bayanin sashe na 39 da na 45 na tsarin mulkin 1999, wato 'yancin faɗin albarkacin baki da iyakokin da aka yarda a sa masa. Mai gabatarwa ya zama mutum mai nauyi wanda zai ba jami'in cikakkiyar dama ya kare matsayinsa ba tare da an yi masa ihu ba, ya kuma hana shi mai da zaman wurin karanta sanarwa.

Tunda bikin fasaha ne, dole ɗalibai su ƙirƙiri nasu. Masu zane su yi fastoci biyu a kan lamari ɗaya, kowanne yana jan mai kallo zuwa wani ɓangare, su kuma rubuta dabarar da suka yi amfani da ita a ƙasa. Masu wasan kwaikwayo su ɗauki salon da aka san Jami'ar Ahmadu Bello da shi, inda ake tsayar da wasa a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda ya kamata a yi, misali editan da aka kira shi da dare aka ce ya cire labari. Sashen Hausa yana da babban rabo a nan, domin kirari da zuga da zambo da habaici, da aikin maroƙi da sanƙira, su ne kayan aikin da muka gada na ɗaga wani da kassara wani, kuma da su aka tura mazaje fagen fama tun kafin zuwan rediyo. A gayyaci makaɗi na gaske ya yi zuga, a bar tsigar jikin jama'a ta tashi, sannan malamin adabi ya warware baitocin ɗaya bayan ɗaya, makaɗin yana zaune yana gyara masa inda ya kuskure. A biya shi hakkinsa yadda ya kamata, a kuma girmama shi a matsayin masani.

Batun kuɗi gajere ne amma yana iya rusa komai. Duk wanda ya ba da gudummawa, ofishin jakadanci ne ko ma'aikatar gwamnati ko kamfanin sadarwa ko ɗan siyasa, a rubuta sunansa a babban allo a bakin ƙofa, a kuma sa a takardar yarjejeniya cewa ba shi da ta cewa a kan abin da za a nuna. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi a yi masa godiya a nemi wani. Gara a buga hotuna a takarda mai araha a manna a katako da a karɓi kuɗin da zai sa a sauke allo guda, musamman a bikin da tambayarsa ta farko ga kowane fasta ita ce wa ya biya.

A ware ɗaki ɗaya mara hayaniya domin naɗar muryoyi a duk kwanakin bikin. Waɗanda suka ga majigi a ƙofar fada suna yara sun tsufa ƙwarai, waɗanda suka saurari rediyo a shekarun basasa su ma suna raguwa kowace shekara. A tanadi takardar amincewa da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a ba shi zaɓin a sakaya sunansa, a kawo ɗaliba mace domin hira da tsofaffin mata, waɗanda galibi ba a tambayarsu alhali su ne suka zauna gida suna jiran labari. Tambayoyin su zama masu sauƙi: a ina kuka ji, wa ya faɗa muku, kun yarda a lokacin, yaushe kuka san akasin haka. Bayan an rufe biki, a kwafe muryoyin da hotunan da takardun teburin tacewa a ma'aji biyu daban, a miƙa ɗaya ga ɗakin karatu na jami'a tare da jerin abin da ke ciki, ɗaya kuma ya zauna a sashen tarihi, a rubuta sunan malamin da aka damƙa wa a cikin rahoton ƙarshe na kwamiti.